Tabarau a Ƙarƙashin Gilashin Babur

Shekara goma sha bakwai ina acaɓa a Gwaram, ban taɓa kayar da fasinja ba. Ba cika baki nake ba, da wannan shaidar nake ciyar da mutum bakwai a gidana. In mace za ta kai jinjiri asibiti, ko tsoho zai je ɗaurin aure ƙauyen da mota ba ta shiga, sai ka ji an ce a kira Ishiyaku. Ni ne Ishiyakun. Gonata ba ta kai a kira ta gona ba, wata sana'ar kuma ban iya ba.

Sai ido ya fara juya mini baya. Bai yi mini farat ɗaya ba, a hankali ya bi da ni. Da farko lambar mota ce ba na iya karantawa sai ta matso. Daga baya rami ya zama ba na ganinsa sai tayar gaba ta gaisa da shi. Ranar da na tsaya a bakin hanyar Basirka ina yi wa wani kututture ham, ina tambayarsa ina za shi, ranar na san abin ya wuce wasa. Na gode Allah ba kowa a wurin.

Matata Ummussalma ce ta sa ni gaba sai da na je babban asibitin Birnin Kudu. Aka zaunar da ni, aka nuna mini haruffa a bango. Na karanta layin sama, sauran na ce Allah ne masani. Bayan mako biyu aka ba ni tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Da na sa shi sai na ga ashe bishiyar darbejiya ganye ɗai-ɗai gare ta. Na koma gida na ga Ummussalma ta fara furfura, na faɗa mata, ta ce ai shekara biyu ke nan, yau dai na iso.

Kowa zai ce ai shi ke nan, matsala ta ƙare. Wanda bai san tasharmu ba ke nan.

An yi wani Sada a cikinmu, mutumin kirki, in za a faɗi gaskiya ma ya fi ni iya tuƙi. Wata safiya ya zo da tabarau na likita a fuska. Da wasa aka fara, ana kiransa Farfesa. Kafin wata biyu fasinja sun daina hawa babur ɗinsa. Mutanenmu ga yadda suke kallon abin: wanda ya sa tabarau idonsa ya lalace, wanda bai sa ba lafiyarsa ƙalau. Ba mai tsayawa ya tambayi wane ne a cikin biyun yake ganin hanya. Wadda ta fara faɗa da ƙarfi a gaban jama'a ita ce Inna Bara'atu, mai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, wadda take zuwa daga wani ƙauye bayan Basirka duk ranar kasuwa. Cewa ta yi ita ba ta gaji da duniya ba da za ta hau bayan mai rabin ido. Muka yi dariya, har da ni, Allah ya yafe mini. Sada yanzu rake yake turawa a baro. Inna Bara'atu kuwa fasinjata ce, shekara tara ba ta hau babur ɗin kowa ba sai nawa.

Saboda haka tabarau ya zauna a aljihu, ni kuma na ci gaba da tuƙi da hadda. Na san kowane rami, na san kowace kwana. Da rani haddar tana yi mini aiki. Amma da damina ta sauka, hanyar da ka bari jiya ba ita za ka tarar yau ba. Ruwa ya tona nan, ya cike can, ga ƙwari suna faɗa maka a ido. Kullum na ɗauki mutum gabana faɗuwa yake har in sauke shi. In na sa tabarau na rasa abinci, in ban sa ba wata rana zan kashe ɗan wani. Na rasa inda zan sa kaina.

Dabarar ta zo mini ne da na ga wasu ma'aikatan gona sun wuce a manyan babura, kowanne da irin ƙaton gilashin nan mai soso a gefe da roba da ake zagayawa ƙeya. Rabin fuskarsu a rufe. Na ce a raina, ko mene ne a ƙarƙashin wannan, ba mai sani.

Ban nema a Gwaram ba, don a can ko allura ka saya sai an ji a tasha. Birnin Kudu na tafi, na shiga layin masu kayan babur, aka nuna mini shagon wani Ikrima da yake kawo hular kwano da irin waɗannan gilasai daga Kano. Na jira shagon ya yi sauƙin mutane, sannan na matsa na fito da tabarau daga aljihu.

"Gilashin babur nake so," na ce masa ƙasa-ƙasa, "amma wanda zai hau kan wannan."

Bai yi dariya ba, na ji daɗin haka. Ya karɓi tabarau ɗin ya auna faɗinsa da yatsu, ya sauko da wani fari daga ƙusa.

"Malam, wannan don irinku aka yi shi. Dubi zurfinsa, tabarau zai zauna a ciki bai taɓa komai ba. Ka ga 'yar tsagar nan a jikin soson, nan da nan? Hanyar hannayen tabarau ce, don kada ya danne maka su a jijiyar kai. Waɗannan ƙofofin na sama da na ƙasa kuma na iska ne. In babu su, zufarka kaɗai ta isa ta rufe maka ido. Sa naka tukuna, sai ka ɗora wannan mu gani."

Na ɗora. Wallahi kamar an auna fuskata aka yi shi. Na girgiza kai sama da ƙasa yadda ya ce, bai motsa ba. Sai na ɗauki wani madubin babur da ke rataye na duba, na ga tabarau ɗina zaune a ciki ɓaro-ɓaro, ya ma fi fitowa.

"Babu mai duhu a irinsa?"

"Fari kawai ake kawo mini."

Na nuna wani a can sama, mai fuska kamar madubi, yana walƙiya shuɗi da ja. "Wancan fa?"

"Wancan na 'yan gayu ne, Malam, masu gudu da rana tsaka. Ba shi da zurfi, ba shi da tsaga. In hadari ya haɗo kuma duhu zai ƙara maka."

Duk da haka na ce ya sauko da shi. Da ƙyar tabarau ya shiga, soson ya matse hannayensa a gefen kaina. Amma da na duba madubi, fuskata ta ɓace, ba a ganin komai sai rufin shagon Ikrima.

Ya dube ni ya ce, "Malam, tsakani da Allah, ganin hanya kake so ko ɓoye ido?"

"Duka biyun."

"Duka biyun ba ni da shi."

Na sayi mai madubin. Har na tayar da babur yana ɗaga murya yana cewa in ya dame ni in dawo ya canza mini. Na ɗaga masa hannu kawai.

A gida na tsaya tsakar gida cikin rana, na ce Ummussalma ta zagaya ni ta duba da kyau, irin duban da 'yan tasha za su yi. Ta gaba ba ta ga komai ba. Da ta koma gefe ta ɗan sunkuya, sai ta ce ta ƙofofin iska ana hango baƙin ƙarfen tabarau. Ƙofofin ma 'yan ƙanana ne, ba su kai rabin na farin ba. Na aika aka sayo mini baƙin salatif irin na masu gyaran wuta, na zauna na liƙe su ɗaya bayan ɗaya.

"Baban Khairiyya," in ji ta, "mai kayan ya ce a toshe?"

"Mai kayan ba a tasha yake cin abinci ba."

Ta koma kan tankaɗenta.

Washegari na shiga tasha da abina. Aka yi ca a kaina. Abdulsamad, ciyaman ɗinmu, ya ce ga ɗan sama jannati ya sauko. Na ce ƙwari ne suka dame ni, kowa ya yarda, don kowa sun dame shi. Ranar na yi tuƙi ina ganin rami tun daga nesa, ina kauce masa cikin isa. Na daɗe ban ji daɗin aiki irin na wannan ranar ba.

Abin da ban lissafa ba shi ne cirewa. Abu ya hau fuska tun safe, ba shi da damar sauka sai na shiga zauren gidana. Ana zaune a inuwa ana hira, ni ina ciki. Mai shinkafa da wake ta zo, ina ci ina ciki. In lokacin salla ya yi sai in ce zan sha mai, in tafi wani masallaci a ƙarshen gari inda ba a san ni sosai ba. A can bayan katanga na koyi yadda zan damƙe su biyun da hannu ɗaya in zare lokaci guda, tabarau a ɓoye cikin gilashin, in cusa a aljihun riga. Gefen kaina ya yi sawu biyu da ba sa ɓacewa har safe, ciwon kai kuma ya zama abokin zamana. In na tsaya, suraci ya taru a ciki har in daina gane fuskar mai yi mini magana. In na hau kwalta na ba da wuta, 'yar iskar da ke shiga ta ƙarƙashin hanci sai ta share shi. Da haka na lallaɓa har wata guda. Na tsani abin nan kamar me, kuma ba ni da halin rabuwa da shi.

Wata ranar kasuwa a cikin watan Agusta, an yi ruwa da hantsi, rana ta fito mai zafi, ƙasa tana fitar da tururi. Bayan la'asar Inna Bara'atu ta sayar da kayanta, ta zo da jarkokinta biyu babu komai da ƙullin cefane. Na ɗaure jarkokin a baya, ta hau tana mita kamar kullum.

"Kai kuma yaushe za ka cire wannan tukunyar daga fuskarka? Mutum yana magana da kai yana kallon kansa."

"Sai ƙwari sun tafi, Inna."

"Ƙwari dai. Mu da muka tsufa da su ba su cinye mana ido ba. Mu je, ɗan nan, gabas ta fara ɓata rai."

Har Basirka lafiya lau. Daga nan muka sauka daga babbar hanya muka shiga 'yar siririyar da ke ratsa gonaki. Gero da dawa sun fi tsayin mutum, hagu da dama, ko iska ba ta shigowa. Ƙasa duk taɓo, dole na koma giya ɗaya ina jan ƙafa. Nan suracin ya fara. Ya kama tabarau, ya kama gilashin, rufi biyu. Da farko gefe-gefe ne, sai ya taho tsakiya. Na karkata kai ina leƙe ta wani ɗan wuri da ya rage a ƙasan idon dama, shi ma ya rufe. Hadarin kuma ya ci rabin sama, gilashin mai duhu ya mayar mini da la'asar magariba.

"Yau kuma tafiyar hawainiya muke? Ruwa zai same mu a dawa."

"Santsi ne, Inna."

Zufa tana gangaro mini cikin ido, ba halin gogewa. Ganyen dawa ne yake gaya mini hanya: in ya mare ni ta dama in karkata hagu, in ya mare ni ta hagu in dawo. Ina jin numfashin tsohuwar a bayana, hannunta ɗaya riƙe da rigata. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji a kan babur ba. Komawa baya ba ta yiwuwa, hanyar ba ta isa a juya ba. Gaba kuma akwai rafi, na san shi, kullum ta gefen wata tsamiya nake gangarawa in haye.

Da na ji ƙarar ruwa sai na taka burki.

"Me kuma ya faru?"

"Bari in duba mashigin."

Na sauka, na ba ta baya, na yi damƙar nan tawa na zare su biyun na cusa a aljihu. Iska ta bugi fuskata, na ji sanyi har cikin raina. Amma da na dubi rafin da idona tsirara, ba abin da na gani sai ja-ja a ƙasa, kore-kore a sama. Ga duhun tsamiyar can, na gane ta. Inda ƙasa ta ƙare da inda ruwa ya fara kuwa, ban iya rabewa ba. Aka yi tsawa, ɗigon farko ya sauka a wuyana.

"Ishiyaku, ka hau mu tafi mana! Ba nan muke bi kullum ba?"

Nan muke bi kullum. Zuciyata ta ce in hau in bi haddata, sau nawa na haye wurin nan, asirina ya zauna a rufe. Har na kama kan babur ɗin. Sai ta gyara zama ta ce bismillah, yadda take yi duk lokacin da za mu shiga ruwa, ta ƙara damƙe ƙullin cefanenta. Matar nan ko kallon rafin ba ta yi ba, ni ta bar wa kallon. Na saki kan babur ɗin.

Na sa hannu a aljihu na zaro tabarau daga cikin gilashin, na goge shi da bakin riga, na sa a gabanta.

Gangaren da nake bi babu shi. Ruwan hantsi ya cinye gaɓar, ya yanke ta tsaye, zurfin ya kai tsayin mutum, saiwar tsamiyar tana reto a fili. Daga tayar gabana zuwa bakin wurin bai fi taku huɗu ba. Ita ma ta miƙa wuya ta gani, ta ce innalillahi, sannan ta dawo da idonta kaina. Ba rafin ta ci gaba da kallo ba, fuskata take kallo.

Na bi gaɓar da ƙafa na sami inda shanu suka sauka, ƙasan da tsakuwa. Na dawo, ta sauka, na tura babur ɗin ta cikin gonar wani, na haye da shi, na komo na riƙe hannunta muka haye, ruwan iya gwiwa. Da muka hau tudu na tayar da babur, na ce ta hau. Ba ta hau ba.

"Tun yaushe?" ta ce.

"Tabarau ɗin, ƙarshen rani aka ba ni."

"Ba shi na tambaye ka ba. Idon."

Na so in rage, amma bakina ya ƙi. "Shekara biyu, Inna."

"Shekara biyu." Ta jinjina kai. "Har ranar da ka kai ni asibiti da jikata a cinya?"

"Har ranar."

Ta kwance jarkokinta da kanta, ta ɗora ƙullin a ka. Na roƙe ta, na ce ruwa ya sauko, ƙauyen da sauran tafiya, kuma yanzu ina gani fiye da kowane lokaci da na taɓa ɗaukarta. Ta ce ta sani. Ta ƙulle hakkina a leda ta ajiye a kan kujerar babur, ta shiga cikin dawa tana tafiya a ruwan. Na tsaya ina kallonta tar, har ta sha kwana.

Da na isa gida na ɓare salatif ɗin gaba ɗaya. Na gaya wa Ummussalma ta shirya, gobe war haka duk Gwaram ta ji. Abin mamaki, da na faɗi haka sai na ji wani sauƙi. Na ce in an sani an sani, a yi dariyar a gama, in ga abin da Allah zai yi da ni.

Da safe na tsaya a kwanar da ke kafin tasha, tabarau a fuska, gilashin a hannu. Na ce bari dai in ɗora, in ji ta bakinsu tukuna. Na shiga. Aka ce sannu da zuwa ɗan sama jannati. Aka ci gaba da gardamar ƙwallo. Na jira ranar, na jira washegari, na jira mako. Ba wanda ya ji komai. Inna Bara'atu, wadda magana ba ta kwana a cikinta, ta riƙe wannan. Tun da ba a sani ba kuwa, da wane dalili zan tona kaina? Gilashin ya koma inda yake, sai dai yanzu ina kula kada kowa ya zauna a gefena.

Ranar kasuwa ta zagayo. Bayan la'asar na hango ta tun daga bakin kasuwa da jarkokinta, kuma ni ne a kan layi. Ta iso ta tsaya a gabana.

"Ishiyaku, ya iyali?"

"Lafiya lau, Inna. Ya kasuwa?"

"Mun gode Allah."

Ta wuce ni ta miƙa jarkokin ga wani yaro Muslim, wanda bai fi shekara biyu da fara acaɓa ba. Abdulsamad ya taso.

"Inna, lafiya? Ga ɗanki nan, kuma layinsa ne. Ko faɗa kuka yi?"

"Wane irin faɗa? Ƙafata ce ta matsa mini, babur ɗinsa ya yi mini tsayi. Ishiyaku ai ba shi da laifi, kowa ya san hannunsa."

Ta hau, ta ce bismillah, suka tafi. Abdulsamad ya dafa kafaɗata ya ce tsufa ke nan, kada in sa a rai, aka koma hira. Da zagina ta yi a gaban kowa da ya fi mini sauƙi. Idona ya cika, tabarau ya jiƙe, komai ya dushe. Na so in cire in goge, amma akwai mutane.